Sitaj a kamfanin ƙera injuna: sati uku ana ba ni shara, in tashi ko in daure?

“Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu, ina karatun kanikancin masana'antu a nan Maraɗi. Makaranta ta tura ni sitaj na wata biyu a wani kamfani da ke ƙera injin niƙa, injin ɓarar gyaɗa da amalanke. Yau sati uku ke nan, aikina shara, ɗauko ƙarfe da goge tsatsa. Shef bai bar ni na taɓa tur, wato injin fere ƙarfe, ko sau ɗaya ba, yaran shago kuma suna ce mini ɗan lakkol mai laushin hannu. Abokaina da suka samu manyan wurare a Yamai da Damagaram kullum suna turo hotuna da hular kwano a kai. Shin in nemi a canza mini wuri ne, ko in daure? In kuma na daure, me zan rubuta a rahoto, tunda ban ga abin da na koya ba?”

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta saƙonka, kuma in na fahimce ka daidai, tsoronka shi ne kada wata biyun nan su ƙare ka fito yadda ka shiga, tsaranka kuma su dawo da abin nunawa. Amsata a taƙaice, kada ka tashi tukuna. Wurin da ake ƙera inji tun daga yankan tol, wato fallen ƙarfe, har shafa fenti a ƙarƙashin rumfa ɗaya yana da abin da babbar masana'anta ba za ta iya nuna wa ɗalibi cikin wata biyu ba. Amma akwai sharaɗi: sai ka daina zaman jiran ranar da za a kira ka gaban tur. Na daɗe a harkar ƙira da gyaran injuna, ɗalibai masu sitaj sun bi ta hannuna ba kaɗan ba, kuma waɗanda suka fi ƙaruwa ba su ne suka fi daɗewa a kan inji ba. Su ne waɗanda suka kama matsala guda ɗaya ta shagon suka bi ta har gindinta, da ma'auni da littafi a hannu.

Ka fara sanin irin wurin da ka shiga. Maraɗi gari ne na fatauci kafin ya zama garin masana'antu. Arzikin alhazanmu ya tashi ne daga gyaɗa da kasuwancin iyaka da Katsina da Kano, babbar masana'antar da garin ya yi suna da ita kuma ta matsar man gyaɗa ce, Siconiger, tun zamanin mulkin mallaka. Da farin 1973 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, noman gyaɗa ya durƙushe, jari ya ƙara karkata ga saye da sayarwa. Ƙirar ƙarfe ta zamani a ƙasar nan ta fi girma ne a gefen noma: garmar shanu, amalanke, injin shuka, irin aikin da aka san cibiyar ƙira ta ACREMA da shi a Tawa, da CDARMA a Dosso, da UCOMA a Damagaram. Daga wannan jijiya, da kuma maƙeranmu na gado da masu walda da suka koyo aiki a Kano, mafi yawan shagunan ƙira na Maraɗi suka fito. Shi ya sa za ka tarar da gwanaye na gaske waɗanda ba su taɓa ƙera abu daga zane a takarda ba. Samfuri ake ajiyewa a gefe, a auna da mita da ido, a kwaikwaya. Makarantunmu kuwa, daga Lise Teknik Ɗan Kasawa har cibiyar fasaha ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, suna fitar da yara masu iya karanta zane da lissafi amma hannunsu bai saba ba. Kai da mutanen shagon nan kowa yana riƙe da rabin da ɗayan ba shi da shi, kuma sitaj ɗinka zai yi daɗi ne a ranar da suka ga amfanin rabin da ka zo da shi.

Dalilin da shef ya hana ka tur

Kada ka ɗauka ƙiyayya ce. A yawancin shagunan nan tur ɗaya ne ko biyu, tsoho, wanda aka sayo na hannu daga Turai ko daga Kano. In ɗalibi ya saki keken wuƙa ya je ya daki bakin da ke riƙe ƙarfe, ko ya canza gudu inji na juyawa ya kakkarya haƙoran giya, to aikin shagon gaba ɗaya ya tsaya, kuma kayan gyaran ba a babbar kasuwa ake samunsu ba. Ga shi an karɓi kuɗin mutane, mai injin niƙa daga Gidan Rumji ko Dakoro yana bugo waya safe da yamma. Ga wuta: yankinmu da na Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka katse wutar Najeriya a watan Agustan 2023. Awa biyun da kuran ya tsaya cak, shef ba zai ba ɗan koyo su ya yi gwaji ba, in kuma gurup aka tayar, kowane minti gazuwal ne ke ƙonewa.

Sannan akwai al'adar koyon sana'a. Yaran da ke yi maka dariya, wasunsu sun yi shekaru suna shara da miƙa sifana kafin a ba su sandar walda. In ka zo yau aka ɗora ka kan tur gobe, shef ya ɓata da mutanen da zai ci gaba da zama da su bayan ka koma aji. Kuma yana kallonka, ko da ka ga kamar bai damu da kai ba. Yana lura da ƙarfe nawa kake zuwa, ko kana mayar da kaya inda ka ɗauko, ko wayarka ta fi zama a aljihu ko a hannu. Ni kaina abin da nake fara dubawa ga ɗalibi shi ne yadda yake ajiye ma'auni bayan ya gama da shi. Wanda ya jefa piye-a-kulis, wato ma'aunin kaurin ƙarfe mai baki biyu, cikin tarkacen guduma da magagari ya gaya mini duk abin da nake son sani.

Sharar ma, in ka buɗe ido, ba aikin banza ba ce. Dubi abin da kake sharewa. Ɓawon ƙarfen da ya fito daga tur yana gaya maka yadda aka yanka shi: in dogo ne mai murɗewa, fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, yankan ya tafi lafiya, in ya koma shuɗi alhali da wuƙar ƙarfe ta gama-gari ake aiki, gudu ya yi yawa kuma bakin wuƙar na cin wuta. Guntayen sandar walda da ke zube, in dogaye ne, kuɗi ake zubarwa. Ragowar tol da ake tarawa a lungu tana nuna maka ko ana tsara yanka kafin a yanka.

Ka bi injin da aka dawo da shi

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi tun gobe. Kowane shagon ƙira yana da injunan da masu su suka dawo da su, kuma babu wanda ke son aikin, domin ba ya kawo sabon kuɗi. Ka je wurin shef bayan sallar azahar, lokacin da hankalinsa ya kwanta, ka ce: “Shef, in ka yarda, injin nan da aka dawo da shi, ina so in kwance shi tare da wane, in rubuta abin da na gani in kawo maka.” Ba ka roƙi tur ba, ba ka taɓa aikin da ake sauri a kansa ba. Da wuya ya ƙi.

Bari in nuna maka abin da za ka fi tararwa a injin niƙa mai hamomi, domin shi na fi kwancewa. Mai injin zai ce boris ne ke mutuwa duk bayan ƴan makonni, ya canza har ya gaji, ya fara zargin masu sayar da kaya da ba shi jabu. Ka kwance. Za ka ga wurin zaman boris a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, ya yi santsi yana ƙyalli, ko ya yi jan gari kamar tsatsa, wani lokaci har da ƴan ramuka jere inda wani ya bi da ƙusa da guduma ya tsattsaga wurin don boris ya kama. Wannan shaida ce cewa zoben ciki yana zamewa a kan shaf maimakon ya riƙe shi gam. Ɗauki boris mai lamba 6205, wanda ake yawan sa wa ƙananan injuna: raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Don ya zauna daidai a kan shaf mai juyawa, littafinka na makaranta zai ce a fere wurin a kan k6, wato tsakanin 25.002 da 25.015. Duk filin da mai tur ke da shi bai wuce 0.013 na milimita ba. Piye-a-kulis da ke karanta 0.05 ko 0.02 ba ya ganin wannan, sai mikrometa, ma'aunin da ya fi shi gane ƙanƙanin bambanci.

Ga kuma inda zafin garinmu ke shiga. Ƙarfe yana buɗewa da kusan 0.012 na milimita a kowace mita ɗaya in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Duk awon da ke cikin littattafai an yi shi ne a kan digiri 20. Shaf da aka gama ferewa yanzu, a rumfar kwano cikin watan Afrilu, yana iya kai digiri 60 ko fiye. Yi lissafin da kanka: 25 sau 0.000012 sau 40, ya ba ka 0.012. Ke nan in mai tur ya auna shi da zafinsa ya ga ya yi daidai, da ya huce ya rage kusan duk filin da aka ba shi. Tsofaffin masu tur sun san wannan ba tare da lissafi ba, shi ya sa za ka ga sun bar aiki a kan inji sun je sun sha shayi kafin yankan ƙarshe, yaro ya ɗauka lalaci ne. Matasan da ke sauri su ne ke faɗawa ciki.

Kada ka tsaya nan. Ciro hamomin ka kai su kan sikelin da ke auna giram, ko da na mai sayar da kayan yaji ne. Sau da yawa an yanke su ne daga tsohon sifirin na mota, kowanne da nauyinsa. Ka ɗauka ɗaya ya fi na gabansa da giram 10 kacal, yana nesa da tsakiyar shaf da santimita 15, injin kuma yana juyi 2900 a minti, kamar yadda moto mai wannan gudu ke yi a wutarmu. Ƙarfin da wannan ɗan bambanci ke haifarwa ya kai kusan nauyin kilo 14, yana fizgar shaf yana zagayawa sau 48 a kowace daƙiƙa. Shi ne girgizar da ke sa injin tafiya a ƙasa, ya kwance noti, ya tsaga walda, ya kashe boris komai kyansa. Maganinsa ba ya cin ko dala: a auna hamomi, a haɗa masu nauyi ɗaya su fuskanci juna, a gurje wanda ya yi yawa. Ranar da ka ajiye wa shef takarda ɗaya mai nauyin kowace hama da awon shaf, aka gyara, injin ya tashi ba ya rawa, sunan ɗan lakkol zai canza ma'ana a bakin yaran shago.

Sai dai ka kula da yadda za ka faɗa. Kada ka tsaya a tsakiyar shago ka ce mai tur ya yi kuskure. Mutumin nan ya haife ka ko ya yi wa da kai, kuma da wannan hannun yake ciyar da gida. Kai masa takardar shi kaɗai, ka ce: “Baba, ga abin da na auna, ka duba mini ko na yi daidai.” Bar shi ya zama shi ne ya kai maganar gaba. Ilimin da aka kunyata mutum da shi ba ya shiga.

A ɓangaren amalanke ma akwai irin wannan. Firam ɗin da aka yi wa walda daga kusurwa ɗaya aka zarce har ƙarshe yana murɗewa, domin walda tana jan ƙarfe in tana hucewa. Ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ya karkace, taya za ta riƙa cin gefe, jaki ko sa ya riƙa ja da wahala. Ana ɗiga walda ne a kusurwoyi tukuna, a sake awo, sannan a cika ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. In shagon na yin amalanke da yawa iri ɗaya kuma ba su da gabari, wato firam na dindindin da ake jera ƙarfe a ciki kafin walda, to ga aikin sitaj ɗinka nan a gabanka: ka zana shi, ka lissafa korniye, wato ƙarfe mai kusurwa, nawa zai ci, ka nuna mintin da zai rage a kowace amalanke. Haka lissafin tol. Murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita ɗaya kilo 7.85 ne, don haka falle mai mita 2 da mita 1 da kaurin milimita 2 kilo 31.4 ne. Auna ragowar da ake zubarwa a sati, ka mayar da ita kuɗi a farashin da shagon ke saye. Mai kamfani da bai taɓa kallonka ba zai kira ka ofis ranar da ya ga wannan adadi.

Abin da za ka karɓa daga hannunsu

Kada duk wannan ya sa ka ji kai ne ka zo koyar da su. Abin da ke hannunsu ya fi naka wuyar samu, domin naka yana cikin littafi, nasu kuwa ba a rubuta shi ko'ina ba. Tsaya kusa da mai walda ka saurara. A makaranta an ba ka ƙa'idar cewa wutar walda ita ce 50 sau kaurin sanda bayan an cire ɗaya, wato amfiya 75 ga sanda 2.5, da 110 ga sanda 3.2. Shi bai san ƙa'idar ba, kuma allon injinsa ya goge tuntuni, amma daga ƙarar wutar da yadda ɓawon ke ɗagowa da kansa ya san ya samu daidai, ya kuma san yadda zai yi in kuran ya yi rauni da yamma. Tambaye shi me ya sa yake karkata hannu haka a walda ta tsaye. Tambayi mai haɗa inji yadda yake ɗora bakin sukudireba a gidan boris ya sa kunne a ƙotar ya gane mai lafiya da mai shirin mutuwa. Tambayi wanda ke zuwa sayen ƙarfe yadda yake bambance ƙarfe mai tauri da mai laushi daga tartsatsin da yake fitarwa a dutsen gurza: mai yawan kabon tartsatsinsa yana fashewa kamar taurari, mai laushi kuwa dogayen layuka yake yi. A garin da rabin ƙarfen aiki daga tsofaffin motoci yake fitowa, babu takardar da za ta gaya maka irinsa, wannan ilimi shi ne komai.

Kuma ba a gaban inji ake samun waɗannan amsoshi ba, a wurin shayi ne da kwanon abinci. In kana janye jiki da rana ka koma gefe da wayarka, ka rufe wa kanka ƙofa. Zauna da su, sa hannu a kwano, wata rana kai ma ka sayo sukari da ganyen shayi. Zolayar da suke maka, rabinta gwaji ce. Wanda ya yi dariya ya rama da wasa ya wuce wurin.

Maganar lafiyarka ba ta jiran a saba da kai, don haka ita tun yau. Kada ka kusanci tur ko injin huda da safar hannu, da riga mai faɗin hannu, da zobe ko agogo; abin da ke juyawa in ya kama ƙyalle ba ya saki. Kada ka bar makulli a bakin tur ko na daƙiƙa ɗaya. Kada ka kalli wutar walda da tabarau na rana. Gilashin walda mai lamba 10 ko 11 ake sawa, in ba haka ba cikin dare za ka farka kamar an zuba maka yashi a ido. Faifan gurza yana da iyakar gudu a rubuce a jikinsa: babba mai milimita 230 bai wuce juyi 6600 ba, in aka ɗaura shi a ƙaramin inji mai gudu ya fi haka, fashewa yake yi, kuma murfin da yara ke cirewa don ya fi sauƙin aiki shi ne tsakaninka da asibiti. Hayaƙin waldar bututu mai rufin zinki yana sa zazzaɓi, a fili ake yin ta. In wuta ta ɗauke kana cikin aiki, kashe injin kafin ka matsa, domin in ta dawo ba ta sallama. In za ka sa hannu cikin inji, cire shi daga wuta da hannunka, kada ka dogara da “na kashe” ta wani. Za ka ga manya suna karya duk waɗannan dokoki. Ka kuma ƙirga yatsunsu. Takalmi mai rufi da tabarau na gurza, in kamfani bai ba ka ba, saya da kuɗinka. Sannan ka duba takardar yarjejeniyar sitaj da makaranta da kamfani suka sa wa hannu, ka karanta abin da ta ce game da haɗari a wurin aiki da wanda zai ɗauki nauyi, ka ajiye kwafi a gida. In ba a yi takardar ba, gobe ka je makaranta a yi.

Kuɗi kuwa, kada ka sa rai. Ƙananan kamfanoni ba su saba biyan mai sitaj ba. In an ba ka na kabu-kabu ka gode, in ba a ba ka ba kada ya zama abin magana.

Yaushe tashi ya zama daidai

Akwai inda zan ce maka ka tashi. In shagon ba ya ƙera komai a wannan lokaci, ana zaune ne kawai ana jiran oda. In aikenka ya koma na gidan mai kamfani, cefane da kai yara makaranta. In ana tilasta maka aiki mai haɗari ba kariya, ko ana zaginka zagi na cin mutunci. In ka nemi aikin dubawa irin wanda na faɗa, sau ɗaya, sau biyu, cikin ladabi, aka ce ko kwance tsohon inji ba za ka yi ba. A nan ma ba ɓacewa za ka yi ba. Malamin da ke kula da sitaj ɗinka za ka samu, shi zai yi magana da kamfani, in canji ne a yi shi da takarda, ka je ka yi sallama da shef hannu da hannu. Masu harkar ƙarfe a Maraɗi duk sun san juna, daga Sabon Gari har Ali Ɗan Tsoho, kuma labarin yaron da ya gudu daga sitaj yana riga shi isa duk inda zai nemi aiki. Ka kuma tuna sati uku sun tafi. Sabon wuri zai sake fara maka daga tsintsiya.

Shawarata tana da iyaka. Ta fi dacewa da ƙanana da matsakaitan shagunan ƙira, inda na yi rayuwata. Manyan wurare irin matatar mai ta SORAZ, ko kamfanin siminti na Malbaza, ko SONICHAR da ke ƙona gawayi tana ba da wuta a arewa, suna koyar da abin da shagonka ba zai koya maka ba: tsarin kula da injuna kafin su lalace, takardar izini kafin a taɓa kowane aiki, dokar tsaro da ba a sassautawa, da yadda ɗaruruwan ma'aikata ke aiki da jadawali ɗaya. Wannan ilimi ne na gaske, kuma in burinka aiki a irin waɗannan wurare, ko a layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, to ka nemi sitaj na gaba a can. Amma ka sani a irin wuraren nan ɗalibi ya fi yin kallo daga bayan layin fenti, domin ba a barin baƙo ya taɓa inji mai aiki. In abokanka sun dawo, tambaye su abin da suka kwance da hannunsu. Haka kuma hukunci na ƙarshe a kan shagon da kake yana hannun malaminka, wanda zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Rahoto

Rahoton sitaj da ke ba malamai haushi shi ne wanda aka cika rabinsa da tarihin kamfani da jerin sunayen injuna, aka kwafo daga na ɗaliban bara har da kurakuransu. Shafi biyu sun isa wannan. Sauran ya zama aikinka: ga matsalar da na tarar, ga yadda na auna, ga adadin da na samu, ga dalilin da nake zato, ga abin da aka canza, ga abin da ya biyo baya. In gyaran bai yi ba, rubuta haka, ka faɗi abin da za ka gwada in da lokaci. Wannan ya fi ƙaryar nasara daraja a gaban masu yi maka tambayoyi, kuma su ma sun san ƙarya in sun gan ta. Sa zane na gaske mai awo na aƙalla ɓangare ɗaya, ko shaf ɗin nan ne kawai, ka bar wa shagon kwafi. Mai yiwuwa shi ne zane na farko da za su rataya a bango.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da ƙaramin littafi a aljihu. Kowace yamma kafin ka bar shago, rubuta kwanan wata, abin da aka yi, awon da ka ɗauka, awa nawa wuta ta ɗauke, da tambaya ɗaya da ba ka samu amsarta ba. Satin ukun da suka wuce ma zauna ka rubuta abin da ka tuna tun bai gushe ba: wane aiki ke bin wane, daga ina ƙarfe ke shigowa, ina inji ke daɗewa yana jira. Hoto kuwa sai da izini, kuma kada ka sa samfurin kamfani ko farashinsa a Facebook ko WhatsApp. A kasuwar da kowa ke kwaikwayon na kowa, wannan kaɗai ya isa a sallame ka.

Tur kuma zai zo, amma ka roƙe shi ta hanyar da za a iya cewa to. Bayan ka kawo takardarka ta farko, nemi mai tur ya bar ka ka tsaya a bayansa kana share masa inji kana zuba mai. Daga nan ka roƙi guntun ƙarfe daga cikin shara, a lokacin da babu aikin sauri, ka ce kana so ka fere shi ya sauko zuwa awo ɗaya da shi zai faɗa maka. Lissafa gudun tun a gida ka zo da shi a rubuce: ƙarfe mai laushi da wuƙa ta gama-gari ana yankansa a kan mita 25 a minti, don haka sanda mai kaurin milimita 50 tana son juyi wajen 160. Nuna masa, ka bar shi ya zaɓi giyar da ta fi kusa, kuma hannunsa ya kasance kusa da birki a yankan farko.